Gamanar Laminu

A Zangon Kalgo, ƙauyen da ke tsakanin Bande da Dungas, in aka ambaci Laminu na gidan Malam Ɗan Azumi, kowa da abin da yake faɗa. Tsofaffin da ke zama gindin dalbejiyar masallaci sukan ce a cikin ƴaƴan yanzu shi kaɗai ya rage mai halin mutanen da: ba ya ɗaga ido gaban mahaifinsa, kuma bai taɓa barin gandu ya tafi ci-rani ba. Mata a bakin rijiya sukan ce Kellu ta yi dacen miji, sai dai mijin ba nata ba ne, na tsohonsa ne. Samarin tashar kabu-kabu kuwa dariya suke yi masa. Wai mutum ya kai shekara arba'in da uku, da ƴaƴa bakwai, amma ko zakara ba zai kai kasuwa ba sai ya nemi izini. Abu guda ne kowa ya yarda da shi, babba da yaro: Laminu yana da hannu. Ƙasar da ya taɓa sai ta tashi.

Tsarin gidansu irin na da ne. Kwana biyar a mako na gandu ne, babbar gonar gida, wadda hatsinta ke shiga rumbun Malam. Laraba da Juma'a kowane magidanci ya tafi gamanarsa, wato ɗan filin da maigida ya yanka masa. In an gama kaka Malam yakan liƙe rumbun gandu, ba a buɗe shi sai ruwan shuka ya sauka. Duk tsawon rani abin da mutum ya samu a gamanarsa shi iyalinsa za su ci.

Gamanar Laminu jigawa ce da kowa ya raina lokacin da aka ba shi. Ko harkiya ba ta son fitowa a cikinta. Shi ya riƙa bin ƙananan gawo da ke tsirowa yana kewaye su da ƙaya saboda awaki, yana rage musu rassa, yana barin guda ɗaya ya miƙe. Shekara goma sha huɗu yana wannan. Gawo talatin da ɗaya suka tsaya a filin. Da damina su zubar da ganye gero ya sha rana, da rani su yi inuwa dabbobi su kwanta su bar taki, ƴaƴansu kuma Kellu ta tara ta ciyar da awaki. Geron gindinsu har ya fi na gandu tsawo.

Wata safiya a bazara Malam Ɗan Azumi ya aika a kira shi zaure. Da yake Laminu ɗan fari ne, tsohon ba ya kama sunansa.

"Kai," ya ce, "bana ƙanenka zai shiga gonar gawo. Ka kama fakon nan na bakin hanyar Dungas."

Ƙanen da ake magana shi ne Faruku, autan gidan, ɗan shekara ashirin da biyar, wanda aka koro daga Aljeriya wata biyu da suka wuce, ba shi da komai sai salula da ƴar jaka.

"Gonar gawo, Baba?"

"Ita na faɗa."

"Shekara goma sha huɗu ke nan ina..."

"Na sani. Ai ni na ba ka ita." Malam ya gyara zama a kan buzu. "Saurara. Yaron nan sau biyu yana tsallake hamada. Waɗanda suka tafi tare, biyu ba su dawo ba, har yau uwayensu ba su san inda aka binne su ba. In na ba shi fako, kafin noman farko ya gudu. Dole a ba shi wurin da zai ga amfani, a yi masa aure, ya zauna. Kai kuwa Allah ya ba ka hannu. Fakon nan shekara kaɗan za ka tashe shi."

Laminu ya dubi ƙasa. Ba wannan ne karo na farko ba. Gamanarsa ta fari, ta kusa da fadama, haka aka mayar da ita cikin gandu shekarar da ta fara bada dami arba'in. A lokacin yana da shekara ashirin da tara, bayansa bai san ciwo ba.

"To, Baba," ya ce.

Ya tarar da Kellu tana surfe. Ta saurare shi har ya gama, taɓarya a tsaye cikin turmi.

"Ka ce masa me?"

"Na ce to."

"To! Kullum to. Wallahi kai dai, ranar da za su zo karɓar hular kanka, sai ka tambaye su ko suna son takalman su ma."

"Rage murya, Kellu."

"Ba zan rage ba. Ni na ɗauko ruwa a ka na shayar da itatuwan nan shekarar da aka yi fari, ina da cikin Raliya. Ina Faruku yake a lokacin? Yana wasan langa a dandali. Da rani me yaran nan za su ci? Tsakuwa?"

"Allah zai kawo."

"Allah ya kawo ai. Sun karɓe."

Fako ba ya shan ruwa. In an yi ruwan sama sai ya gangare ya bar shi fes kamar daɓe. Dabara ɗaya ce, a haƙa tassa, ƙananan ramuka a jere, a zuba taki a kowane, a shuka a ciki. Laminu ya ari diga. Rana ta bazara tana dukan ƙeyarsa, diga tana tsalle a kan ƙasar kamar ya daki dutse. Rami ɗari a wuni in ya yi ƙoƙari, filin kuwa yana son dubbai. A mako na uku, ya ɗaga diga ke nan, wani abu ya tsinke masa a ƙugu. Sai da ya yi rarrafe ya kai gindin aduwa. A nan ya kwanta har la'asar.

Likita a Bande ya ba shi ƙwayoyi, ya ce ya huta wata guda, kada ya ɗaga abu mai nauyi. Da labari ya kai wa Malam sai ya ce, "Wane hutu ga shuka ta ƙarato? Ni nan bayana na ciwo tun kafin a haife shi, ban taɓa fashin gandu ba."

Ruwa ya sauka, aka buɗe rumbu, aka shiga gandu. Laminu yakan ɗaure ƙugunsa da tsohon rawani ya fita tun da sanyin safiya. Sauran ƙannensa maza uku suna can Kano da Damagaram, sukan aiko da gaisuwa da buhun takin zamani, a kaka kuma su aiko a ba su hatsi. A gona daga shi sai Faruku sai matan gida da yara. Faruku yakan iso hantsi ya daɗe, ya yi kunya biyu, ya ce zai je Bande cajin salula. Malam ba ya cewa komai. In Laminu ya tsaya ya dafa ƙugu, sai tsohon ya ɗaga murya daga inda yake zaune: "Kai, rana tana yi!"

Wata Laraba, a hanyarsa ta zuwa fako, ya bi ta gefen tsohuwar gamanarsa. Ya tarar da Faruku yana noma, hauyarsa tana share komai, har ƙananan gawon da Laminu ya kewaye bara.

"Faruku, waɗannan ba a sare su."

"Ƙaya ce kawai, Yaya. Jiya ma ta soke ni."

"Ƙayar ita ta zama waɗancan manyan."

Faruku ya jingina da hauya ya share zufa. "Yaya, na san abin da ke ranka. Kullum kana wucewa kana kallona kamar ɓarawo. Ni ban roƙa ba, ba ni aka yi. Kuma ku kun samu zamani. Lokacin da ka yi aure mutum goma sha biyu gandun nan ke ciyarwa, yau mun haura talatin, ƙasar ba ta ƙaru ba. Ku ce mu ragwaye ne, ku ce ba ma son noma. To me aka bar mana da za mu noma? In mun tafi ku ce mun gudu, in mun zauna ku ce mun ci naku. Ni da kai uba ɗaya. Ƙasar nan ta Baba ce, ba taka ba."

"Ƙasar tasa ce. Itatuwan fa?"

"A ƙasar suka tsiro, Yaya."

Laminu ya saɓa hauyarsa. Ya wuce.

Ya je wurin Baffa Yunusa, ƙanen mahaifinsa, ko zai sa baki. Baffan ya saurare shi yana saƙar igiya.

"Laminu, kai ma ka fara irin ta yaran zamani? Gamana aro ce, ba kyauta ba, haka muka tarar. Ubanka sai da ya yi shekara hamsin da biyu kafin ya leƙa cikin rumbu da idonsa. Kakanku in ya ce tashi daga nan koma can, ko goro ne a bakinka ba ka gama taunawa. Ba mu mutu ba. Yi haƙuri, wata rana kai ne maigida."

"Baffa, ranar da babu shi ai rabon gado za a yi. Mu maza biyar, mata huɗu. Wanda ya noma da wanda bai taɓa riƙe hauya ba, kaso ɗaya."

Baffa Yunusa ya ajiye igiyar. "Subhanallahi! Lissafin mutuwar ubanka kake yi yana raye? Tashi ka tafi, kada wani ya ji wannan daga bakinka."

Ya yi tunanin fita daga gandu ya ci gashin kansa, amma a wace ƙasa? A duk yankin ba wani fili da ba shi da mai shi, har gefen hanya an shuke. Ya yi tunanin ci-rani, amma wa zai ɗauki lebura mai ɗaure da ƙugu? Kuma mutumin da ya raba gandu ubansa yana da rai, ko ƴarsa ba a son nema.

Kaka ta zo. Fakon ya ba shi dami shida. Gonar gawo, duk da noman ganin dama da aka yi mata, ta ba Faruku talatin da biyu. Ya kai mafi yawa kasuwar Bande a amalanke, ya sayi tsohon moto, wato babur, aka kai kayan gaisuwa gidan yarinyar da za a ba shi. Malam ya liƙe rumbun gandu da laka kamar kowace shekara.

Dami shida ga baki tara. Kellu ta yi ta dabara, tuwo sau ɗaya, kunu da safe, amma kafin sanyi ya wuce sun ƙare. Malam ya ji. Ya sa aka fasa rumbu, abin da bai taɓa yi da rani ba, kowace safiya ya auna tiya biyu da hannunsa a kai wa Kellu. A majalisar masallaci yakan faɗa da jin daɗi: "Ni a gidana ba wanda ke kwana da yunwa. Wanda ya samu da wanda bai samu ba duk nawa ne. In wannan ba adalci ba ne, to ban san shi ba." Tsofaffi su ce, "Haka ne, Malam. Allah ya saka." Laminu yana zaune a gefe yana ji. Hatsin da ake ba shi sadaka shi ya nome shi, da ƙugu a ɗaure.

Da rani ya yi tsakiya, ciyawa ta ƙare, makiyaya suka gangaro daga wajen Guci da shanu. Wata safiya Laminu zai kai taki fako sai ya jiyo sarar barandami daga gabas. Ya ajiye kwandon ya bi ƙarar.

Ya daɗe a tsaye kafin ya gane wurin. Gawon an aske su. Ba sassabe ba, ba ragin rassa ba, an sauke su kaf, sai gungume a tsaye da farin sara a kansu. Shanu sun cika filin suna cin ganye. Saura guda huɗu a kusurwa, wani saurayi yana kan ɗaya daga ciki.

Wani dattijon makiyayi ya matso ya yi masa sallama. "Lafiya, Malam? Mun biya mai gona. Mu ma mun ce masa rabi ya isa, itace in an yi masa haka wani ba ya tofowa. Ya ce a sauke duka, sha'anin biki ne a gabansa."

Laminu ya dafa gungumen da ke kusa da shi. Ya san wannan, shi ne wanda akuyar maƙwabci ta cinye sau biyu yana ƙarami, ya sake fitowa.

Ranar bai koma gida ba sai masallaci. Aka idar da la'asar, mutane suka fito suka zazzauna gindin dalbejiya. Maimakon ya nemi gefe kamar kullum, sai ya tsaya a gaban mahaifinsa.

"Baba, an sare gawon."

"Na ji. Za su tofo."

"Ba za su tofo ba. Ko sun tofo ni ba zan ga amfaninsu ba. Sau biyu ina raya ƙasa kana karɓewa. Ka ba ni dutse, na karya bayana a kai. Wanda ka ba gonar ya sayar da ita reshe-reshe. Ni ban taɓa ce maka a'a ba tun ina yaro, shi ya sa komai ni. Baba, wannan zalunci ne."

Wani ya ce, "A'uzubillahi." Malam Ɗan Azumi ya dube shi, karo na farko cikin shekaru da ya dube shi ido cikin ido.

"Ni ne azzalumi? Ni da nake auna maka hatsi kullum safiya?" Ya miƙe ya ɗauki sandarsa. "To. Azzalumi ya daina."

Washegari ba a kawo tiya ba. Jibi ma haka.

Kellu ta sayar da akuyarta ta ƙarshe, kuɗin ya kai su kwana biyar. Daga nan sai kwaɗon zogale da ɗan garin rogo da take samowa gidan ƴar'uwarta. Maƙwabta suka ja jiki, ba wanda ke son a ce ya goyi bayan ɗan da ya zagi ubansa a ƙofar masallaci. Ba wanda ya je ya duba gawon. Maganar da ake yi a gari ita ce kalmar da Laminu ya faɗa, da wurin da ya faɗe ta, da yadda ya faɗe ta a tsaye.

Rana ta takwas Faruku ya shigo sashensu da ƴar ƙwarya a lulluɓe. Ya ajiye wa Kellu, ya tsuguna kusa da yayansa.

"Yaya, kai ma ka cika ɗaukar abu da nauyi. Je ka ba tsohon nan haƙuri mana. Baki ne kawai. Ni a mako sai in ba shi haƙuri sau uku, in fita in yi abin da nake so."

"Ɗauki ƙwaryarka."

"Haba Yaya."

"Na ce ɗauki."

Kellu ta riga shi, ta janye ƙwaryar ta shige da ita ɗaki. Laminu bai hana ta ba.

Rana ta goma aka dawo da Raliya daga lakwal, wato makarantar boko, a kan moto, jiri ya kwashe ta a cikin aji. Kellu ta dama mata ɗan abin da ya rage, ta fito ta zauna a bakin ƙofa. Ba ta ɗaga murya ba wannan karon.

"Ni na yi ta zuga ka ka yi magana. Ka yi, kuma gaskiya ka faɗa, ko gaban wa zan maimaita. Amma nonona ya ƙafe, yaron nan na goye tun jiya yake tsotsa ba komai. Ka je."

Laminu ya aika Baffa Yunusa ya kai ban haƙuri a zaure. Baffan ya dawo da amsa: "Ya ce a gaban mutane ka faɗa, a gaban mutane za ka janye. Kuma da bakinka."

Laminu ya ƙara kwana biyu. Ba taurin kai ba ne. Yana neman abin da zai ce ya yi kuskure a kansa ne, ya duba ya sake dubawa, bai samu ba. Tsohon yana da gaskiyarsa, ya riƙe gida, ya hana ɗansa mutuwa a hamada. Yaron yana da tasa, an haife shi an tarar ƙasa ta ƙare. Kowa a gidan ya samu inda zai tsaya ya ce ba a yi masa daidai ba, kuma a saurare shi. Wanda ya yi aikin ne kaɗai ba shi da wurin tsayawa, kuma shi ake jira ya durƙusa.

Rana ta goma sha biyu, bayan la'asar, majalisa ta cika fiye da kullum, don labari ya zagaya. Har samarin tasha sun zo sun tsaya daga nesa a kan motocinsu. Malam Ɗan Azumi yana zaune kan buzunsa yana jan tasbaha, Baffa Yunusa a damansa.

Laminu ya cire takalma. Durƙusawar ta ɗauke shi lokaci saboda ƙugun. Sai da ya dafa ƙasa da hannu biyu, ya sauke gwiwa ɗaya, ya numfasa, sannan ya sauke ɗayar. Ba wanda ya taimaka masa. Ya sunkuyar da kai ya motsa baki.

"Ban ji ba," in ji Malam, bai daina jan tasbaha ba. "Kunnena ya yi nauyi."

Baffa Yunusa ya ce, "Ɗaga murya, Laminu. Jama'a su shaida."

Laminu ya ɗago kai kaɗan, daidai yadda muryar za ta fita, ya faɗa har na bakin hanya suka ji.

"Baba, na yi maka laifi. Ba ka zalunce ni ba. Don Allah ka yafe mini."